Masaukin Muryar Inna

Muntasir, kai ka tayar da wannan magana, don haka da kai zan fara. Ran da muke shan shayi a ƙofar ɗakin nan da muke haya a Gadarif, ka ce da ni, da Larabcin nan naka mai santsi, wai da Baba ya ajiye shafinsa na intanet a wurin manyan kamfanonin ƙasar waje da babu abin da ya salwanta. Ihsan ta harare ka, ni kuwa na yi dariya na ce a ƙaro mini sukari. Ban ba ka amsa ran nan ba saboda amsar ta fi ƙarfin kofin shayi ɗaya. Kana da gaskiya ta wani gefen, ba na musu. Amma lokacin da aka yi abin kana makarantar kwana a Madani, ƙanwarka kuma ko haƙoran gaba ba ta gama sakewa ba. Ku zauna ku ji yadda aka yi shafin ya sauka inda ya sauka.

Kun dai san ubanku bai iya zama wuri ɗaya ba. Inna, wadda kuke kira Habboba, cewa take yi tafin ƙafata akwai ƙaiƙayi. Na yi dako a bakin jirgin ruwa a Bur Sudan, na sayar da turare a Njamena, na zauna Kano har na koyi rubutun boko, na kuma yi shekaru a Jidda a wani shago da ake buga takardu ana shiga intanet. A can na koyi haɗa shafi, daga kallon mai shagon da kuma ɓata masa aiki. A Kano ni ɗan Sudan ne, don in na ce a kunna kahraba sai a yi ta dariya kafin a gane wuta nake nufi. A Hartum ni mutumin Najeriya ne. A Jidda kuwa Takari. Wuri ɗaya ne kawai ba a tambayar daga ina na fito, shi ne ƙauyenmu, Sabon Zango, can gaba da Kamlin, inda hanyar mota take rabuwa da bakin tur'a, magudanar nan da ke kai ruwa gonaki.

Na dawo gida shekarar da aka kafa dogon ƙarfen shabaka, wato na sabis ɗin waya, a bayan masallaci. Har yanzu in na rufe ido ina ganin garin yadda na same shi. Ruwan tur'a ya cika har baki, auduga ta fashe fari fat a hawashar Yaya Idrisu, gonar da ya gada daga mahaifinmu, mata suna dawowa da dammunan karan dawa, ƙanshin jabana, gahawarmu, yana fitowa daga kowace rakuba, wato rumfar kara, da hantsi. A ƙarƙashin tamu rakubar Inna take zama a kan angarib, gadon nan na igiya, tana yanka kuɓewa don shanya, bakinta kuma yana tafiya. Abin da take faɗa kullum ɗaya ne, labarin hanya. Kakanninmu sun bar ƙasar Sakkwato da niyyar Makka, a ƙasa, zango bayan zango, har suka iso Makwar lokacin da ake aikin madatsar ruwa, suka ce bari su tsaya su tara guzuri. Guzurin ne har yau ba a gama tarawa ba. In ka tambayi Inna ko mu 'yan nan ne, sai ta ce:

"Mu matahiya na. Hutawa dai muka yi."

Abin da ya bambanta labarin Inna da na sauran tsofaffi shi ne, ita ba garuruwa take lissafawa ba, mutane take lissafawa. Kowane zango da sunan wanda ya sauke su. A Dikwa wani maƙeri, a Abashe wata mai tuwo da ta ba su ɗakin awakinta, a Nahud wani Balarabe da bai san ko kalma ɗaya ta Hausa ba amma ya yanka musu tunkiya. Ba ta taɓa ganin ko ɗaya a cikinsu ba, daga bakin kakarta ta ɗauka. Amma kowane suna in ta ambata sai ta tsaya ta ce Allah shi saka mai, sannan ta wuce. Wata rana na ga Ihsan zaune a gabanta tana gyaɗa kai, na tambaye ta da Larabci me Habboba ta ce. Ta ce wai tana yi wa wasu mutane addu'a, ba ta dai san su waye ba. Ran nan na ƙudura cewa zan yi wa gidanmu shafi, in sa muryar Inna a ciki, kafin Hausar ta gama tsiyayewa daga kunnuwanku.

Farkon abin da na gina, ku gode Allah ba ku gani ba. A shafin farko na sa hotona a bakin teku a Jidda, da baƙin tabarau, hannu ɗaya a kugu. Na rubuta tarihin garin kaf da boko, irin na Kano, ina jin kaina. Na kai wa Yaya Idrisu a gona, na miƙa masa waya. Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa.

"Haruna, wanga Ingilishi na?"

"Hausa ce, Yaya."

"Hausar wa? Ni dai tawa daga dama taka hwarawa."

Gaskiyarsa. Duk garin babu mai karanta boko sai ni da wani malamin asibiti, shi ma ɗan Kassala ne. Mutanenmu da harafin Larabci suka buɗe ido. Na koma na sa komai gida biyu, harafin Larabci don mutanen gida, boko don dangin da ke yamma. Sai kuma hotuna. Na ɗauki saniyar Yaya, wata ja mai ƙaho kamar baka, na ɗora ta yadda na ɗauko ta, da nauyinta. Shabakar garinmu kuwa kun san ta, tafiyar hawainiya. Muka zauna a gindin bedi muna jira, ƙahoni suka fito, can kunnuwa suka biyo. Yaya ya tashi ya je ya buɗe ruwa a gona ya dawo, ya leƙa.

"To, ta kai wuya. In ta kai ga hantsa ka kira ni in tatsa."

Tun daga ran nan nake matse kowane hoto sai ya yi sauƙi kafin in ɗora. Wanda kake yi wa shafi ba a ofis yake ba, yana kan jaki ne da tsohuwar waya, rana tana dukan gilashin. A yi rubutu manya, a rage kwalliya. Hoton tabarau kuwa Inna ce ta kashe shi. Na yi mata bayani cewa shafin farko kamar zaure ne, nan baƙo yake fara shiga. Ta dubi hoton ta dube ni.

"To kai wane irin mai gida na, da za ka tsaya tsakiyar zaure ka tare ƙohwa? Baƙo wuri shika so da ruwa."

Na cire kaina. Na bar hoton tur'a da safe, da ƙofofi kaɗan a ƙasa, ta muryoyi, ta hotuna, ta labarin gari. Sunan shafin ma sai da aka yi gardama. Yaya yana son a sa sunan kakanmu da na ubansa da na garin da suka fito, abin da in ka fara faɗa a waya kuɗin kiran zai ƙare ba ka kai ƙarshe ba. Na ce suna shi ne wanda tsohuwa za ta faɗa wa jikanta sau ɗaya ya riƙe. Muka tsaya a kan kalma ɗaya gajera, wadda kuka sani.

Saura wurin ajiya. A nan ne maganarka take, Muntasir, sai ka buɗe kunne. Shafi ba ya zama a iska. Dole a ɗora shi a kan wata na'ura da ba ta barci, wadda ke wurin wasu mutane, su kula da ita, duk wanda ya nemi shafinka daga can ake miƙo masa. Na riga na zaɓi wani babban kamfani na ƙasar Turawa, wanda na sani tun Jidda. Da hantsi ina gaya wa Inna, don na saba ba na yin abu ban gaya mata ba ko da ba za ta gane ba. Sai na rasa kalmar Hausa. Da Larabci ana ce wa abin istidafa. Na juya ta a kaina na ce:

"Inna, sai an nema wa muryarki masauki."

Wuƙar kuɓewa ta tsaya.

"Masauki? Gidan wa?"

"Ba gida ba ne kamar gida, Inna. Kamfani ne, a ƙasar Turawa."

"Mi ne sunan mai gidan?"

"Ba shi da suna. Wato suna da yawa. Ba a ganinsu."

"Ka gaishe su?"

"Ba a gaishe su, Inna. Cikewa ake yi a waya, shi ke nan."

Ta ajiye wuƙar a kan faifai, ta gyara mayafinta, irin gyaran da in ta yi mun san magana ta ƙare tun ba a fara ba.

"Tun daga Sakkwato har Makwar ba mu taɓa kwana gidan da ba mu san sunan mai shi ba. Yanzu da tsuhwana za ka kai ni gidan da babu mai amsa sallama? In na tashi yi mai addu'a, wa za ni ce?"

Na yi bayani har bakina ya bushe. Na ce kalma ce kawai, aron ta aka yi. Na ce muryar ba ta cin tuwo, ba ta shimfiɗa tabarma. Yaya Idrisu yana gefe yana shan jabana, maimakon ya taimake ni sai ya ƙara wa wutar kara, wai ai ko akuya za ka ba kiwo sai ka ga fuskar makiyayi. Mahaifiyarku ta leƙo daga madafa ta ce in dai ina son muryar, in bi tsohuwa a hankali. Inna kuwa ta ce ko in nemo masauki mai mai gida, ko in mayar da na'urar ɗaukar magana cikin jaka.

Na san abin da nake bari. Na san na Turawa ya fi ƙarfi, wutarsu ba ta ɗaukewa, suna da ajiya a ƙasashe daban-daban. Na auna wannan, na auna tsohuwar da ke gabana, wadda in ta ce a'a ko hakimin Kamlin bai isa ba. Shafi mai ƙarfi babu muryar Inna, ko shafi mai rauni da muryarta. Ban daɗe ina tunani ba.

Na tambaya a wurin abokai, aka kwatanta mini wani ƙaramin ofis a Hartum, hawa na biyu a saman wani shagon gyaran waya. Mai shi Ustaz Nazar, mutumin Shandi, siriri, mai sanƙo tun da ƙuruciya. Ran da zan tafi Inna ta sa aka daka yajin agashe, irin namu na gida mai ƙuli-ƙuli da citta, aka cika gwangwani, aka ɗaura gyaɗa soyayya a ƙyalle. Na ce Inna, ofis fa za ni. Ta ce ba a zuwa gidan mai masauki hannu na dukan cinya.

Haka na hau bas da gwangwani a cinya. Na shiga ofis, muka gama maganar aiki, na yi masa tambayoyin da ya kamata kowa ya yi: in wuta ta ɗauke me ke riƙe na'urar, yana ajiye kwafi ko ba ya yi, in abu ya lalace wa zan kira kuma zai ɗauka. Ya amsa duka. Sannan na tura masa gwangwani a kan tebur, ina jin kunya kamar sabon ango.

"Wannan fa, ya Hajj?"

"Gaisuwa ce daga baƙuwarka."

Na ba shi labari. Ya yi dariya har ya cire tabarau yana share ido. Ya ce tun da ya buɗe wurin nan mutane ba sa tuna shi sai shafinsu ya faɗi, su kira suna zagi. Ya buɗe gwangwanin ya shinshina, ya yi atishawa, sai ya ce in kira masa Hajja. Na kira wayar Yaya, aka kai mata. Larabcin Inna irin na kasuwa ne, duk namiji mace ne a bakinta, amma ta yi masa tambayoyi kamar mai neman wa 'yarta miji. Ɗan waye, daga ina, yana da iyali, ɗakin yana yoyo da damina? Ya tashi da waya a kunne ya buɗe ɗan ɗakin da na'urorin suke, ya ce mata ɗakin a share yake, har da na'urar sanyi.

"Sanyi?" in ji Inna. "Ka ce mai ni ba ni son sanyi, ƙahwahuna."

Nazar ya dafa ƙirji kamar tana ganinsa.

"Ya Yumma, kin sauka a bisa kaina. Gidan gidanki ne."

Washegari da safe muka yi ɗaukar farko. Ta yi wanka, ta yafa farin tobe ɗinta, lulluɓinta na Juma'a, ta zauna a bakin angarib ta haɗa ƙafafu. Na danna na'ura na yi mata alama. Sai ta ɗaga murya kamar mai tsaye a ƙofar gida:

"Salamu alaikum, masu gida."

Ta yi shiru. Ina ta juya hannu ta ci gaba, ita kuwa tana jira. Kaji suna kuka, jakin maƙwabta ya sa baki. Sai da ta ga dama sannan ta ce Bismillahi, ta kama hanya daga Sakkwato. Da na zo gyara na ce zan yanke shirun nan, ya yi tsawo. Ta ce in na yanke, a ina mutane za su amsa? Na bar shi. Ta bi zango-zango da masu masaukinsu, har Makwar, har Sabon Zango. Na kai hannu zan kashe, ta ɗaga mini yatsa.

"Sannan Hartum, gidan Nazar ɗan mutanen Shandi. Allah shi saka mai."

Shekarun da suka biyo baya su ne masu daɗin. Dangi a Damazin suna saurare, na Jidda suna saurare, wani malami daga wajen Wurno ya aiko saƙo cewa unguwar da Inna ta ambata tana nan, har rijiyar. Na karanta mata, ta ce to da ina za ta je? Tsofaffin gari da suka ga Inna ta shiga waya, kowa ya ce shi ma sai an ɗauke shi. Na ɗauki Malam Sanda ladan yana ba da labarin shekarar fari, na ɗauki matan da ke waƙar tsinkar auduga, bayan na bi gida-gida na nemi izinin kowa, don ba a kai muryar mutum kasuwa bai sani ba. Hotuna kuwa ba a magana: bukukuwa, ranar kasuwar Rufa'a, ku kanku kuna wanka a tur'a tsirara, wanda Ihsan ta sa na cire da ta yi wayo. Duk shekara in lokacin sabunta suna da masauki ya zo, bayan an cire gyaɗa, Inna ce ke tuna mini, ba saƙon waya ba. Sai ta ce shekara ta kewayo, a kai wa mai masauki gaisuwa. In hau bas da gwangwani. Matar Nazar har ta fara aiko da nata gwangwanin a cika mata.

Da Inna ta rasu, ban gaya wa Nazar ba, hankalina bai kai nan ba. A shafin ya gani, don na sa sanarwa. Muna zaune a rumfar makoki sai ga wata ƙaramar mota ta tsaya, duk ƙura. Ya fito da farar jallabiya, ya ɗaga hannu ya yi Fatiha da ni, ya yi da Yaya. Mutane suna tambaya wane ne wannan Balaraben. Yaya ya ce:

"Mai masaukin Inna na."

Babu wanda ya sake tambaya.

Sauran kun sani, kun gani da idonku, ba sai na tona ba. Yaƙi ya fara daga Hartum. Kwana kaɗan na buɗe shafin na ga fari fat, kamar an share allo. Na kira Nazar, waya a kashe. Na ce ba komai, ina da kwafin komai a kwamfutata. Sai yaƙin ya gangaro Jazira, ya same mu har gida. Muka fito da abin da hannu zai iya ɗauka, kwamfutar kuwa ta bi inda firij da babur ɗin Yaya suka bi, wayata ma aka karɓe a hanya. Ajiya biyu nake da ita, amma duka a bakin kogi ɗaya, ambaliya ɗaya ta kwashe. Wannan darasi ne, ku riƙe: kwafi ba kwafi ba ne sai ya yi nisa da ɗan'uwansa.

Watannin farko a Gadarif, abin da ya fi ci mini rai ba gidan ba ne. Gida ana sake ginawa. In na zauna sai in gwada bin hanyar Inna da bakina. In fito Sakkwato lafiya, in wuce Dikwa, in na doshi Abashe sai sunaye su cakuɗe. Mai tuwon nan Kaltuma ce ko Kaltume ce ta Ati? Na tambayi Yaya, ya ce shi lokacin da Inna take faɗa yana gona. Shekara da shekaru tana yi a kunnenmu, mun ɗauka kamar kukan tur'a ne, ba zai taɓa tsayawa ba. Mutanen da aka yi ta yi wa addu'a tun zamanin kakar Inna, a hannuna addu'ar za ta yanke. Kuma a raina ina faɗin abin da ka faɗa, Muntasir, tun kafin ka faɗa: da na kai ta ƙasar Turawa da tana nan.

Wata rana da la'asar na bi ta kasuwa, wajen masu agashe, don in ji ƙanshin gida ko ban saya ba. Kun san duk inda aka hura wutar agashe a ƙasar nan, ɗan'uwanmu ne a bayanta. Wani mai suna Sale, mutumin Sinja, ya ji ana kirana da sunan garinmu. Ya ajiye wuƙa.

"Kai ne Haruna na Sabon Zango? Ɗan yawon nan?"

"Ni ne, in ba bashi ba ne."

"Wani Balarabe mai sanƙo yana nemanka a Bur Sudan. Ya bi masu agashe ɗaya bayan ɗaya, ko saye ba ya yi sosai, sai ya ɗanɗana yaji ya ce bai kai na Hajja ba. Ƙanina can ya aiko da lambarsa, an ce a baza."

Da wayar Sale na kira, hayaƙi yana shiga mini ido, abin da ya taimake ni ke nan don babu wanda ya san ba hayaƙin ba ne. Ya ɗauka. Na yi sallama, ya gane muryata tun ban faɗi suna ba.

"Ya Hajj! Ina ka shiga? Baƙuwarka tana wurina, ta gaji da jira."

Ya ba ni labari. Sau ɗaya ya samu ya koma ofis bayan an fara harbi. Ginin babu wuta, batiran da ke riƙe na'ura suna gab da mutuwa, a aljihunsa kuma ɗan ƙaramin abin ajiya ne guda, bai isa ya ɗauki ko kusa da abin da ke ciki ba. Shafukan 'yan kasuwa, na makarantu, na wani mai sayar da motoci, duk suna nan. Ya kwashi hotunan 'ya'yansa. Da sauran wurin da ya rage ya buɗe namu. Hotuna sun yi nauyi, ya bar su. Muryoyin ma ba duka za su shiga ba.

"Ban san Hausa ba, ya Hajj, ban san wanne ne wanne ba. Na buɗe na farko don in ji. Sai ta yi mini sallama, ta tsaya tana jira. Ni kaɗai a ɗakin, ana ta harbi a waje. Wallahi sai da na amsa. To wanda ka amsa wa sallama, ka fita ka bar shi a gida?"

Na goge ido da hannun riga. Shi ya ci gaba, yana dariya irin tasa.

"Kuma ka manta sunana yana ciki? Ta sa ni a layi ɗaya da mai tunkiyar Nahud. Ka ce in zama na farko da ya zubar da baƙi?"

Abin da ya tsira ke nan, muryoyin Inna, duka. Malam Sanda da shekarar farinsa sun tafi, shi ma ya rasu a hanyar gudu, babu mai sake faɗa. Waƙar tsinkar auduga ta tafi. Hotunan garinmu yadda yake, da saniyar Yaya mai ƙaho, da tur'a da safe, duk sun tafi. Da na bi shawarar kaina da suna nan, wannan gaskiya ne, kuma ina jin zafinsa duk lokacin da Ihsan ta tambaye ni yadda ƙofar gidanmu take. Amma da na bi shawarar kaina, da Inna ba ta buɗe baki ba, da shafin yana nan lafiya lau da hotona da baƙin tabarau. Ku auna da kanku. Ni na auna tuni.

Yanzu shafin ya tashi, kuma na ji maganarka, akwai kwafi a ƙasar waje, akwai a wurin ɗan Yaya a Jidda, akwai wanda ke cikin jakar mahaifiyarku tare da takardun haihuwa. Amma masauki na wurin Nazar ne, a sabon ɗan ofishinsa. In na mutu, shekara ta kewayo, ku sabunta suna kada ya faɗa hannun wani, sannan ku daka yaji. Mahaifiyarku ta san ma'auni. Kaltuma ce, ta Abashe, na sake ji na tabbatar.

Abu ɗaya ya rage, Muntasir, kuma don shi na ce da kai zan fara. Ran da Nazar ya turo muryar, mun taru a ɗakin nan, na ajiye waya a kan tabarma na danna. Habboba ta yi sallama, ta yi shirunta, kajin Sabon Zango suna kuka a bayanta. Mahaifiyarku ta rufe fuska da mayafi. Kana tsaye a bakin ƙofa, hannu a aljihu, kamar wanda ya biyo ta wurin bisa kuskure. Kana tsammani ban ji ba. Na ji ka sarai, da Hausar nan taka mai ɗingishi:

"Wa alaikumus salam, Habboba. Sannu da hanya."